Yadda Ake Amfani da Dodon Koɗi da Ƙaguwa Wajen Rage Gansakuka a Tankin Kifin Teku

Makonni kaɗan bayan an kafa tankin kifin ruwan gishiri, wani launi mai ruwan ƙasa yakan fara lulluɓe rairayi da gilashi, daga baya kore ya biyo baya, ya kama duwatsu. Kusan babu tankin da ke tsira daga wannan. A nan ne masu sayar da kaya ke cewa ka sayi dodannin koɗi da ƙaguwoyi su share maka, kuma gaskiya ne suna sharewa. Sai dai dabbobi ne masu rai, kowane iri da abincinsa da yanayin da yake iya jurewa. Yawancin waɗanda ake saya suna mutuwa ne cikin watanni kaɗan saboda an zuba su da yawa, ko an zaɓi irin da bai dace ba, ko an saka su cikin ruwan da bai shirya karɓarsu ba. Wannan asara ce ta kuɗi da ta rai, kuma ana iya kauce mata idan aka bi abin daki-daki.

Mataki na farko: gane irin gansakukar da ke tankinka

Kada ka sayi komai sai ka tsaya ka duba da kyau, domin abin da ido ke gani a matsayin gansakuka iri-iri ne.

Mai ruwan ƙasa da ke kwanciya kamar ƙura, wadda yatsa ke gogewa nan take, ita ake kira dayatom. Tana rayuwa ne da sinadarin silika da ke fitowa daga sabon rairayi ko daga ruwan da ba a tace sosai ba. Ita ce ta farko a sabon tanki, ita ce kuma mafi sauƙi. Sau da yawa takan ja da baya da kanta idan silikar ta ƙare. Bayanta akwai koriya siririya da ke manne wa gilashi, wadda kusan kowane dodon koɗi mai cin tsiro yake so.

Sai mai gashi, koriya mai tsawo da ke kaɗawa cikin ruwa. A cikinta akwai Derbesia mai laushi, wadda ake iya shawo kanta, akwai kuma Bryopsis, wadda idan ka matso da ido za ka ga kowane sili yana da rassa kamar gashin tsuntsu. Bryopsis kam da wuya ka samu dodon koɗi ko ƙaguwar da za ta ci ta yadda ya kamata. Akwai kuma Valonia, ƙwallaye kore masu sheƙi da ke tsirowa a ramukan dutse.

Iri biyu ne nake so ka fi kula da su. Na ɗaya ja ne ko mai ruwan hanta, yana shimfiɗuwa a kan rairayi, idan ka ɗaga shi ya taso a dunƙule. Wannan ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira sayano, kuma dodannin koɗi da ƙaguwoyi ba su cika taɓa shi ba. Maganinsa zuƙe shi da tiyo, da ƙara ƙarfin gudun ruwa a wurin, da rage datti. Na biyu shi ne daino, mai ruwan ƙasa da yauƙi, yana miƙewa zare-zare da ƙananan kumfa a kansa, yana ƙaruwa idan fitila ta daɗe a kunne. Wasu ire-irensa suna da guba. Dodon koɗin da ya ci shi zai yi sanyi, ya daina motsi, ya mutu. Idan shi ne a tankinka, ka dakata da sayen kowace dabba har sai ka kawar da shi.

Ita kuwa mai tauri, ruwan hoda ko shunayya, da ke mannewa a dutse ba ta goguwa, alamar lafiyar tanki ce. Bar ta.

Mataki na biyu: gyara ruwa tukuna

Gansakuka tana girma ne da haske da naitiret da fosfet, wato sinadaran da ke taruwa a ruwa idan datti da ragowar abinci suka ruɓe. Dodon koɗi yana cin ta, ya yi kashi, kashin ya ruɓe ya mayar da wani kaso na waɗannan sinadarai cikin ruwa. Saboda haka dabbobin nan ba sa fitar da datti daga tanki, suna dai hana shi zama kore a kan dutse. Fitar da shi aikinka ne, ta hanyar canjin ruwa da tacewa.

Ga ma'aunan da masu kiwon halittun teku suka saba bi. Gishiri ya kasance kashi 35 cikin 1000, wato nauyin ruwa 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni. Zafi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salsiyos. Ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa, daga 8.1 zuwa 8.4. Amoniya da naitirait, sinadarai masu guba da suka bambanta da naitiret, su zama babu ko kaɗan, wanda ke nufin tanki ya gama girka bakteriyarsa masu amfani, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Naitiret ya tsaya ƙasa da 10 a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan, fosfet kuma wajen 0.03 zuwa 0.1. Kada ka dage sai ka mayar da waɗannan biyun sifili, domin tankin da aka tsotse shi ƙaf shi ne daino ya fi samun dama a ciki. Kalsiyam ya kai 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1300, domin da kalsiyam dodon koɗi ke gina koɗinsa.

Ruwan da za ka haɗa gishiri da shi ya zama wanda ya ratsa na'urar tacewa ta RO/DI. Ruwan rijiya ko na burtsatse ko na famfo yakan zo da silika da naitiret, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu. Gishirin ma na musamman ne da ake haɗawa don tankin teku, na girki ba zai yi ba.

Maganar jan ƙarfe tana da muhimmanci ƙwarai. Magunguna da dama na cutar fararen ɗigo a jikin kifi da shi ake yin su, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe dodon koɗi da ƙaguwa da jatan lande da murjani. Dutse da rairayi suna shanye shi, su riƙa sakinsa a hankali. Idan tankin na hannu ka saya, ka tambayi mai shi ko ya taɓa zuba irin wannan magani, sannan ka auna da kanka.

Rage fitila zuwa awa 8 ko 9 a rana, ka nisanta tanki da tagar da rana ke shigowa. Abincin kifi kuma ka ba su abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Canza kashi 10 cikin 100 na ruwa kowane mako.

Ga wanda ke zaune inda zafin bazara ke haura digiri 40, kamar Kano ko Sakkwato ko Yamai, zafin ruwa shi ne babban abin tsoro. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kuma idan wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, abin yakan taɓarɓare cikin awoyi. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafi kaɗan, amma tana ƙara tururi, gishiri kuma ba ya tashi tare da tururi. Don haka ruwan da za ka cike gurbin da shi kullum ya zama tataccen ruwa marar gishiri. Ka tanadi famfon iska mai batir. Idan ɗakin ba shi da na'urar sanyaya iska, to na'urar sanyaya ruwan tanki ta zama dole.

Mataki na uku: zaɓen dodon koɗi

Dodon koɗi mai cin tsiro yana da harshe mai jeren ƙananan haƙora da yake kankare saman dutse da gilashi. Wannan harshe ya dace da gansakuka gajera mai laushi. Shi ya sa za ka ga ya zagaye doguwar mai gashi ya wuce.

Idan aka ce in zaɓi iri ɗaya tak, Trochus zan ɗauka. Koɗinsa mai tsini ne a sama, sau da yawa da ratsin ja da fari, asalinsa daga tekunan Indiya da Fasifik masu ɗumi, don haka zafin tankin murjani bai dame shi ba. Yana cin dayatom da koriyar gilashi da sabon tohon mai gashi. Idan ya faɗo ya kife yana iya juya kansa, kuma yakan hayayyafa a cikin tanki idan ruwa ya yi masa daɗi.

Astraea, wanda ake kawowa daga yankin Karibiyan, ya yi kama da shi kuma yana aiki sosai, amma idan ya faɗi a kan rairayi ya kife, ba ya iya tashi. In ba ka gan shi ka juya shi ba, ko dai ya mutu ko ƙaguwa ta cinye shi. Wanda ba ya duba tankinsa safe da yamma ya haƙura da shi.

Cerith ƙarami ne mai dogon koɗi siriri. Da rana yakan shige cikin rairayi, da dare ya fito ya bi gilashi da ramukan da manya ba sa iya shiga. Yana cin dayatom da ragowar datti, yana kuma motsa saman rairayi. Nassarius ma a cikin rairayi yake zama, ya bar ɗan bututun numfashinsa a waje, da ya ji ƙanshin abinci ya ɓullo. Mutane da yawa suna sayensa don gansakuka, alhali ba ya cin ta. Nama yake ci: ragowar abincin kifi da mushe. Amfaninsa shi ne kwashe abin da zai ruɓe ya ciyar da gansakuka, don haka biyu ko uku sun isa.

Nerite yana son gilashi, amma halittar bakin gaɓa ce da ta saba da janyewar ruwa, don haka yakan hau sama ya fice daga tankin da ba shi da murfi. Babban Turbo na Meziko, wanda ke fitowa daga Mashigin Kalifoniya, shi ne ya fi kowa cin mai gashi. Matsalarsa biyu: ƙato ne mai ture ƙananan murjani da duwatsun da ba a manne ba, kuma ya saba da ruwan da ya fi na tankin murjani sanyi, don haka ba ya daɗewa idan zafi ya yi yawa. Wanda ake sayarwa da sunan Margarita ya fi shi rashin jure zafi. A ƙasa mai zafi ban ga dalilin sayen Margarita ba ko da yana da araha.

Idan tankin yana da fili mai faɗi na rairayi, dodon koɗi na dangin Strombus guda ɗaya zai riƙa tsabtace shi. Guda ɗaya na ce, domin yana bukatar fili, kuma yunwa ce ke kashe shi a ƙaramin tanki.

Akwai kuma wuri. Wurin nan da aka daɗe ana ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, wanda yawancinsa daga tsibiran Maldibs aka riƙa kawowa, koɗin wata halitta ce mai suna Monetaria moneta. Da ranta tana cin gansakuka, kuma ana kiwonta a tankin teku tare da 'yar'uwarta Monetaria annulus. Da dare take fita kiwo, ta lulluɓe koɗinta da wata fata mai laushi, abin sha'awa ne a gani. Manyan danginta masu ɗigo-ɗigo kuwa sukan ci soson teku da wasu murjani masu laushi, ka bar su.

Mataki na huɗu: zaɓen ƙaguwa, da taka-tsantsan

Ƙaguwa tana da abin da dodon koɗi ba shi da shi, wato hannuwa masu tsinke sili da shiga lungu. Amma kusan kowace ƙaguwa mai cin duk abin da ta samu ce. Idan tsiro ya ƙare, za ta juya ga nama.

Ƙaguwa mai aron gida ita ce wadda bayanta ke da laushi, take shiga koɗin da babu kowa ta riƙa yawo da shi. Tana girma, gidan ya yi mata kaɗan, sai ta nemi wani. Idan ba ta samu fanko ba, za ta kashe dodon koɗinka ta gaje gidansa, kuma Cerith ne ya fi shan wannan wahala saboda siffar koɗinsa ta dace da ita. Mai shuɗin ƙafa, Clibanarius tricolor, ƙarama ce mai ƙwazo amma ta yi suna wajen wannan hali. Ja mai rawayan idanu, Paguristes cadenati, ta fi ta sanyin hali, ita nake ba da shawara. Kowace ka ɗauka, ka zuba mata fankon koɗi uku ko huɗu masu girma daban-daban, bakinsu ya ɗan fi na wanda take ciki faɗi. Ka dafa su a ruwa tukuna, kuma kada su zama masu fenti.

Koriyar ƙaguwa, Mithraculus sculptus, daga Karibiyan take, faɗinta bai cika wuce santimita 5 ba. An san ta da cin Valonia, abin da dodannin koɗi ba sa yi. Ba kowace ɗaya ce ke ci ba, wata za ta share maka dutse cikin makonni, wata ta fi son ragowar abincin kifi. Ɗaya ta isa tanki matsakaici. Idan ka ga ta fara tsinkar murjani, yunwa ce, ka ciyar da ita ko ka fitar da ita.

Percnon gibbesi, mai faɗin jiki da dogayen ƙafafu da saurin gudu, tana cin gansakuka tun tana ƙarama, amma idan ta girma takan kama ƙananan kifaye, kuma kamo ta daga cikin duwatsu aiki ne. Wannan irin ya bazu a Bahar Rum tun daga 1999, inda ba asalinsa ba. Duk dabbar da ka gaji da ita, ka mayar wa mai shago ko ka ba wani mai tanki, kada a sake ta a teku.

Wani lokaci ƙaguwa takan shigo a ɓoye cikin dutsen da aka ɗebo daga teku. Dubi bakin hannunta. Idan ƙarshensa mai faɗi ne da ɗan rami, yawanci mai kankarar tsiro ce. Idan mai kauri ne da tsini, musamman mai baƙin baki, mafarauciya ce. Ka jingina kofin gilashi a jikin dutse da ɗan naman jatan lande a ciki da dare, za ta faɗa ta kasa fita.

Kafin ka biya kuɗi, ka tuna da kifayen da ke tankin. Kifin da ke kumbura jikinsa, da dangin kifin da ake kira tiriga (triggerfish), da manyan dangin wanda ake kira ras (wrasse), duk abincinsu ne dodon koɗi da ƙaguwa.

Mataki na biyar: guda nawa?

An daɗe ana yaɗa cewa a saka dodon koɗi ɗaya a kowane galan, wato wajen lita 4. Wannan ya yi yawa matuƙa. Makiyayi ya san cewa idan garke ya fi ƙarfin makiyaya, ciyawa za ta ƙare cikin kwanaki, sannan dabbobi su fara ramewa. Haka yake a tanki. Suna cinye komai a mako biyu, mai tanki ya yi murna, daga nan su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, gawarsu ta ƙara naitiret da fosfet, gansakuka ta dawo fiye da da.

Fara da mai cin tsiro ɗaya a kowace lita 20. A tanki mai lita 200, misali, ka sa Trochus 4, Cerith 5, Nassarius 2, jar ƙaguwa mai aron gida 2, sai koriyar ƙaguwa 1 idan akwai Valonia. Jira mako uku ka gani. Idan gansakuka tana ci gaba da rinjaye, ƙara biyu ko uku na irin da ya dace da wadda ta rage. Ƙari a hankali ya fi sauƙi a kan neman inda za ka kai rarar.

A shago, zaɓi dodon koɗin da ke manne da gilashi da ƙarfi. Wanda ke kwance a ƙasa bakinsa a sama, ka wuce shi.

Mataki na shida: shigar da su

A wannan mataki ake asarar mafi yawa. Dodon koɗi ba ya jure canjin gishiri na farat ɗaya, kuma illar ba ta bayyana nan take, sai bayan kwana biyu ko mako ka tarar ya mutu.

Kashe fitilar tanki. Ɗora ledar a rufe a kan ruwan minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Juye su da ruwansu cikin ƙaramin bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba. Ɗauki siririn tiyon iska, ka sa baki ɗaya a tanki, ka ƙulla ɗaya bakin sako-sako, ka zuƙo ruwa ya fara gangarowa, sannan ka matse ƙullin har ya zama ɗigo 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Idan ruwan bokitin ya ninka, zubar da rabi, ka bari ya sake cika. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa. Ka auna gishirin bokitin da na tanki ka tabbata sun zo ɗaya.

Idan dabbobin sun kwana a leda a hanya, lissafin ya canza. Amoniya ta taru a ruwan, kuma da ka buɗe leda iska ta shiga, pH zai hau, amoniyar ta ƙara zama guba. A irin wannan hali ka gajarta aikin zuwa wajen minti 20, kana zubar da tsohon ruwan da sauri.

Ɗauke su da hannu ka sa a tanki, ruwan ledar kuwa a zubar. Kowane dodon koɗi ka ɗora shi a kan dutse bakinsa yana ƙasa, ka ɗan riƙe har ya kama. Wanda ke manne da bokiti kada ka fizge shi, ka zame shi gefe a hankali, domin idan tafinsa ya yage da wuya ya warke.

Mataki na bakwai: taya su aiki, ka kuma ciyar da su

Doguwar mai gashi hannunka ne zai fara rage ta. Lokacin canjin ruwa, tsinke ta da yatsu kana zuƙewa da tiyo, ka goge ragowar da sabon buroshin haƙori. Dutsen da ke ɗaguwa ka fito da shi ka goge a cikin tsohon ruwan da ka cire. Sannan ka ɗauki Trochus ko Turbo ka ɗora a daidai wurin, su za su hana ta sake tsawo. Manyan ƙwallayen Valonia kuma ka murɗe su a hankali su fito gaba ɗaya, ka bar wa ƙaguwa ƙananan.

Bayan wata biyu ko uku, idan komai ya tafi daidai, dutse zai yi fes. A nan ne yunwa ke farawa ba tare da ka lura ba. Sayi busasshen ganyen teku da ake kira nori, marar gishiri da mai da kayan yaji, ka ɗaure ɗan yanki a ƙaramin dutse da roba, ka sa da yamma sau biyu a mako, ka cire ragowar da safe. Ƙaguwoyi da Nassarius ka jefa musu ƙwayar abinci mai nutsewa ko ɗan guntun jatan lande. Ka kuma bar gilashin baya ba tare da gogewa ba, ya zama wurin kiwonsu.

Kowace safiya ka zagaya da ido. Wanda ya kife ka juya shi. Dodon koɗi yakan yi kwana ɗaya ko biyu bai motsa ba kuma lafiyarsa ƙalau, amma idan kana shakka, fito da shi ka shinshina. Warin mataccen ba ya ɓuya, kuma babba guda ɗaya yana iya ɓata ruwan ƙaramin tanki, don haka a cire shi nan take. Idan ka ga kamar gawar ƙaguwa, duba da kyau kafin ka damu. Ƙaguwa tana saɓa idan tana girma, saɓar takan fito da ƙafafu da komai, amma ba ta da nauyi, ba ta wari. Mai ita tana ɓoye cikin dutse har sabon ɓawonta ya yi tauri, kwanaki kaɗan za ta fito.

Idan kuwa ka tashi ka tarar dodannin koɗi sun taru gaba ɗaya a bakin ruwa daga sama, ko suna sakin gilashi suna faɗowa, ruwa ne ya samu matsala. Auna zafi da gishiri da amoniya, ka duba ko famfo yana aiki, ka ƙara iska, sannan ka canza kashi 20 cikin 100 na ruwan da wanda ka haɗa tun jiya, mai zafi da gishiri daidai da na tankin.